Hantsi ya daina leƙa gidan kowa: rana, bitamin D da fatar da muke wasa da ita

Idan kana da TikTok ko Instagram a wayarka, da wuya mako ya wuce ba ka ci karo da ɗaya daga cikin tallace-tallacen nan biyu ba. Na farko wata ce riƙe da robar ƙwayoyin bitamin D, tana ce maka gajiyar da kake fama da ita, da ciwon baya, da zubewar gashi, har da ƙuncin zuciya, duk rashinsa ne, ka turo kuɗi a aiko maka. Na biyu kuma wata ce da kwalbar mai, haɗin gida, wai "oganik", sati biyu kacal ki zama fara tas kamar yanzu kika sauko daga jirgi. Kallon farko za ka ɗauka babu abin da ya haɗa su. To akwai. Dukansu magana ce a kan rana da fatar jikinka, kuma dukansu suna cin kasuwa ne saboda yawancinmu ba mu san aikin da rana take yi a jikinmu ba.

Zariya tana kusan digiri 11 ne arewa da layin da ya raba duniya biyu. Ma'ana rana tana da ƙarfi a kanmu wata goma sha biyu cur, ko da damina ko da hunturu. A Ingila kuwa hukumar lafiyarsu da kanta take faɗa wa jama'a cewa daga Oktoba zuwa Maris ranarsu ba ta da ƙarfin da za ta sa jiki ya haɗa bitamin D, don haka kowa ya nemi ƙari. Mu Allah Ya ba mu kyauta. Duk da haka ga yara da lanƙwasassun ƙafafu, ga 'yan mata da ƙonanniyar fuska, ga matasa suna haɗiyar ƙwayoyin da babu likitan da ya rubuta musu. Laifin ba na rana ba ne. Yana wajen yadda muka canza gidajenmu, da abin da muke zubawa a kwano, da abin da muke shafa wa fata.

Yadda abin yake aiki

A cikin hasken rana akwai wani ɓangare da ido ba ya gani, ana ce masa UV. Iri biyu ne ke iso mana ƙasa, UVA da UVB. Idan UVB ya taɓa fata sai ya juya wani sinadari da ke cikinta, dangin kolestarol, ya zama bitamin D ɗanye. Daga nan jini ya kai shi hanta ta gyara, ta miƙa wa ƙoda ta ƙarasa. Babban aikinsa shi ne ya taimaki hanji ya tsotse kalsiyam daga abinci, kalsiyam kuwa shi ne tubalin da ake gina ƙashi da haƙora da shi. Ka ɗauke shi kamar gini: kalsiyam ne bulo, bitamin D ne leburan da ke ɗauko bulon ya kai wa magini. In babu lebura bulo zai zauna a waje. In kuma babu bulo, ko leburori nawa ka tara gini ba zai tashi ba. Riƙe wannan misalin, za mu dawo kansa.

Akwai abubuwa uku da ya kamata ka sani a nan, don suna karya wasu maganganu da muka taso muna ji. Gilashin taga yana tare UVB, saboda haka zama a bayan gilashin mota ko na aji, ko da rana na dukan ka, ba ya ƙara maka komai. Sannan ranar sassafe, irin ta ƙarfe bakwai da ake cewa ita ce mai bitamin, UVB ɗinta kaɗan ne ƙwarai. Dabarar ganewa mai sauƙi ce: in inuwarka ta fi ka tsawo sosai, fatarka ba ta haɗa wani abin kirki. Sai hantsi ya ɗaga tukuna. Na uku, baƙin da ke fatarmu, wanda ake kira melanin, garkuwa ce da ke shanye UV kafin ya yi ɓarna a ciki. Shi ya sa kansar fata ba ta yawa a cikinmu kamar yadda take a cikin Turawa. Amma wannan garkuwar tana sa baƙar fata ta buƙaci lokaci a rana fiye da fara kafin ta haɗa bitamin D daidai da nata.

Ina tsakar gida ta tafi?

A 2020 mujallar Lancet Global Health ta wallafa wani nazari da ya tattaro bincike-binciken da aka yi a sassan Afirka, ya nuna kusan mutum ɗaya cikin uku bitamin D ɗinsa bai kai yadda ake so ba. Waɗanda abin ya fi shafa su ne mazauna birane, da mata, da jarirai sabbin haihuwa. Ƙasashen Larabawa na yankin Gulf ma, da ranarsu ta fi tamu zafi, suna cikin wuraren da matsalar ta fi yawa a duniya, saboda rayuwa ta koma daga ɗaki mai AC zuwa mota mai AC. Wato kasancewar rana a sama ba ya nufin ta taɓa jikinka.

Dubi Gyallesu. Unguwa ce da ɗalibai suka cika, ga harabar Kongo ta ABU a kusa, ga FCE da yanzu ta koma jami'ar ilimi. Inda ɗalibi yake, ɗakin haya kuɗi ne. Sai mai gida ya dubi filin tsakar gidansa ya ga asara ce a bar shi haka, ya yanka ɗaki biyu ko uku, abin da ya rage ya zama siririn lungu, wani lokacin ma a rufe shi da kwano saboda ruwan sama. A cikin ganuwa kuma, daga Kwarbai zuwa Limancin Kona, rabon gado ne ke yin wannan aikin: gidan da kaka ya bari da faffaɗan fili, jikoki sun raba, kowa ya tayar da nasa sashen. Hausawa suna yi wa hantsi kirari da leƙa gidan kowa. Yau akwai gidajen da hantsi zai zo ya wuce bai samu ta inda zai leƙa ba.

Wannan ya fi shafar mata, kuma a nan ne wasu ke karkatar da maganar su ce hijabi ne ko kulle ya jawo. Ka tambayi kanka, kakanninmu mata da suka yi zaman kulle na gaske a birnin Zazzau, a ina suke wuni? A tsakar gida. Nan ake daka, nan ake wanki da shanya, nan ake kitso, nan ake girki, da ɗaurin ƙirji ko 'yar riga, hannu da kafaɗa a buɗe, babu namijin da zai gan su domin zaure ya tsare. Tsarin gidan Bahaushe ya riga ya haɗa sutura da rana wuri ɗaya tun kafin a san wani abu wai shi bitamin. Abin da ya canza shi ne filin ya tafi. Matar da ke zaune a ciki da falo, tagoginta a rufe da labule, in za ta fita ta shiga Keke Napep, ita ce za ta iya yin wata guda rana ba ta taɓa damtsenta ba.

Mu samari ma kada mu yi dariya. Lissafa ranarka: ka kwana kana danna waya, ka tashi a makare, daga ɗaki zuwa aji, daga aji zuwa inuwar mai shayi ko wajen cajin waya, da yamma gidan kallon ƙwallo. Wanda ke sana'ar POS ko ɗinki ko aikin kwamfuta a shago, haka zai wuni a ƙarƙashin rufi. Shekarunmu kuwa su ne na tara ƙashi. Jiki yana ta ajiyar ƙarfin ƙashi ne har zuwa wajen ƙarshen shekaru ashirin da wani abu, daga nan sai cin abin da aka tara. Wanda ya shiga shekara talatin da asusu rabi, zai gane kurensa a sittin.

Ƙafar yaro da kwanon tuwo

Kowa ya san yaro mai gwame, ko wanda ƙafafunsa suka buɗe kamar baka. A unguwa za ka ji an ce goyo ne ya yi yawa, ko an tsayar da shi da wuri, ko gadon gidansu ne. Gaskiya ne ɗan lanƙwasa kaɗan a ƙafar yaron da bai kai shekara biyu ba abu ne da aka saba gani, kuma yakan miƙe da kansa. Amma idan abin yana ƙaruwa, ga wuyan hannu ya kumbura, ga ƙulli-ƙulli a haƙarƙari, yaro yana kukan ciwon ƙafa ko ya yi jinkirin tafiya, to wannan ciwon laushin ƙashi ne da likitoci ke kira rikets.

A Turai rashin rana ne ya jawo shi. Lokacin da hayaƙin masana'antu ya rufe biranensu, yara suka taso a lunguna masu duhu, ciwon ya zama ruwan dare. A 1919 wani likita a Berlin, Kurt Huldschinsky, ya nuna ana warkar da shi da fitila mai fitar da UV, a 1922 kuma Elmer McCollum a Amurka ya gano sinadarin da aka raɗa wa suna bitamin D. Tun daga nan littattafan likitanci suka riƙe cewa rikets rashin bitamin D ne, shi ke nan.

Sai aka zo arewacin Najeriya lissafin ya ƙi fita. Yaran da ke wuni suna wasa a rana tsirara, me zai sa su yi ciwon rashin rana? Dokta Tom Thacher da abokan aikinsa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos suka ɗauki yara 123 masu ciwon, suka kasa su uku: wasu aka ba su bitamin D kaɗai, wasu kalsiyam kaɗai, wasu duka biyun, har tsawon mako 24. Sakamakon ya fito a mujallar New England Journal of Medicine a 1999. A cikin waɗanda suka samu kalsiyam, ko shi kaɗai ko a haɗe, kusan shida cikin goma sun warke ko sun kusa. A cikin waɗanda aka ba bitamin D kaɗai, ba su kai biyu cikin goma ba. Da aka auna abincin yaran, kalsiyam ɗin da suke samu a rana bai wuce kimanin miligiram 200 ba, alhali masana sun yi ittifaƙin cewa duk yaron da ke samun ƙasa da 300 yana cikin haɗari. Ka tuna misalin ginin nan? Leburori suna nan, bulo ne babu.

A nan jiharmu ta Kaduna ma an ga irin haka a ƙauyukan Gbagyi da ke gabas da birnin Kaduna, inda ƙungiyar Hope for the Village Child ta daɗe tana kula da yara masu lanƙwasassun ƙafafu, masu bincike daga Jamus kuma suka danganta abin da ƙarancin kalsiyam a ƙasar noma da abincin da masara ta mamaye. Masara da dawa da gero kalsiyam ɗinsu kaɗan ne, sannan suna ɗauke da wani sinadari da ke riƙe ɗan wanda ke akwai ya hana hanji tsotsewa. Yaron da aka yaye daga nono aka ɗora shi a kan koko da safe, tuwo da dare, taliya da manja da rana, ka ga inda aka dosa. Yanzu kuma da tsadar rayuwa ta sa madara da kifi da ƙwai suka zama abin marmari a gidaje da yawa, wannan ba tsohon labari ba ne. Ga yarinya mace abin ya fi muni, domin ƙashin ƙugu in ya tashi a matse, ranar haihuwa ce za a biya bashin.

Abin daɗin ji shi ne maganin yana kasuwar Tudun Wada da ta Sabon Gari, ba sai an yi oda daga waje ba. Kofi ɗaya na madarar shanu yana da kalsiyam kusan miligiram 300. Nono da kindirmo, da ƙananan busassun kifi da ake dakawa har da ƙashinsu, da kuka, da zogale, da riɗi, da tamba, duk suna da shi. Su Thacher ɗin ma daga baya sun gwada garin busasshen kifi a kan yara masu ciwon, ya yi aiki. Bitamin D na abinci kuma yana cikin kifi mai maiƙo irin su sadin da taitus, da gwaiduwar ƙwai, da hanta, sai dai abinci kaɗai da wuya ya wadatar, rana ce babbar hanya.

Su suna gasawa, mu muna kankarewa

A Turai da Amurka akwai shagunan da mutum zai biya kuɗi ya kwanta a cikin wani gado mai murfi kamar akwati, fitilun UV su gasa masa fata ta yi duhu. A wajensu fata mai duhu alama ce ta wanda ke da kuɗin zuwa hutu bakin teku. Masu shagunan sukan ce ai ana samun bitamin D, amma yawancin hasken gadon UVA ne, wanda ke tsofar da fata ba tare da ya haɗa bitamin ɗin kirki ba. A 2009 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa waɗannan gadaje a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa, rukuni ɗaya da taba sigari. Ta ce wanda ya fara amfani da su kafin shekara 30, haɗarin kamuwa da melanoma, mafi munin kansar fata, yana ƙaruwa da kashi 75 cikin ɗari. Brazil ta haramta su a shekarar, Ostareliya ta rufe shagunan daga 2015, Ingila kuma ta hana 'yan ƙasa da shekara 18 shiga.

Kafin ka ce Bature bai da hankali, juyo da madubin. Mu namu gadon gashin yana cikin kwalba. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta wallafa a 2011 sun ce kashi 77 cikin ɗari na matan Najeriya suna amfani da mayukan hasken fata, adadi mafi yawa a Afirka. A Fabrairun 2023, a Kano, shugabar NAFDAC Farfesa Mojisola Adeyeye ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa. A 2025 BBC ta kawo rahoto daga Kano kan iyaye mata da ke shafa wa ƙananan 'ya'yansu waɗannan mayuka, har da wata uwa da fatar 'ya'yanta shida ta lalace. Abin ya wuce 'yan mata masu neman miji, ya sauko kan jarirai.

Me ke cikin kwalbar? Galibi ɗaya ne ko haɗin abubuwa uku. Akwai haidirokwinon, wanda ke hana fata ƙera melanin. Akwai sitiroyid mai ƙarfi, maganin da likita ke bayarwa na ɗan lokaci don wasu cututtukan fata, wanda in aka daɗe ana shafawa yake sirantar da fata har jijiyoyi su fito, ya kawo nankarwa da ƙuraje, ya hana rauni warkewa da wuri, kuma yana iya shiga jini ya tayar da hawan jini da sukari. Sai makuri, wato zaiba, mai lalata ƙoda da jijiyoyi, wanda ke iya ratsawa ya kai ga ɗan da ke ciki ko mai shan nono. Kalmar "oganik" da ke jikin robar da aka haɗa a ɗakin wata ba ta gaya miki komai ba. Duk man da ya mayar da baƙa fara a sati biyu, ba karas da zuma ne suka yi aikin ba.

Ga inda maganar ta haɗu da rana. Kin cire garkuwar da Allah Ya yi miki, sannan kin fito ranar Zariya ta watan Afrilu. Shi ya sa wuraren da suka fi ƙonewa su ne waɗanda rana ta fi duka: kumatu, goshi, bayan wuya. Baƙin tabon nan da ke fitowa a saman kumatun wadda ta daɗe tana shafa, mai kama da ƙunar wuta, yana da wuyar magani ƙwarai, wani har abada. Likitocin fata a Dakar ta Senegal sun ba da rahoton kansar fata a jikin matan da suka shafe shekaru suna bilicin. In kuma wata ta ce ai farar fata ta fi saurin haɗa bitamin D, amsar ita ce mai bilicin gudun rana take yi, don tana yi mata zafi kuma tana dawo da baƙin. Ta rasa garkuwa, ta rasa rana. Garin neman gira an rasa ido.

Kuma ɗan uwa, kada ka karanta wannan kana nuna 'yan mata da yatsa. Wa ke rubuta "farar mace alkyabbar mata" a ƙarƙashin hoto? Wa ke cewa a nemo masa fara ko mayya ce? Wa ke zuba mayukan a lefe? Filtar da ke wayoyinmu tana ƙara wa kowa haske kafin ya ɗora hoto, har ta kai yarinya tana jin kunyar a gan ta a fili saboda ba ta kai hotonta fari ba. Maza masu shafawa ma suna nan, gwiwar yatsunsu ce ke tona su. Kasuwar ba za ta mutu da kamen NAFDAC kaɗai ba muddin masu saye suna ganin farin ne ke kawo miji, ko aiki, ko mabiya.

Waɗanda rana ta yi wa yawa

Kada kuma a ɗauka cewa kowa rana yake nema. A gari ɗaya, wani bai ganin ta, wani kuma a cikinta yake wuni: ɗan acaba, ɗan ga-ruwa, lebura, mai talla, almajiri, manomi. Baƙar fata tana kare su da yawa, amma ido ba shi da wannan gatan. Daɗewa a rana yana cikin abubuwan da ke kawo yanar ido da tsiron naman nan da ke rarrafowa kan ƙwayar ido. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun ce kusan ɗaya cikin uku na mace-macen kansar fata wadda ba melanoma ba, aiki a rana ne sanadinsa. Malafar da muke raina wa mutanen karkara, da rawani, da riga mai dogon hannu, kariya ce ta gaske.

Waɗanda suka fi kowa shiga haɗari su ne zabiya, domin jikinsu ba ya ƙera melanin yadda ya kamata. Kansar fata ita ce babbar barazana ga rayuwarsu, kuma takan kama su tun suna matasa. Gidauniyar zabiya da Jake Epelle ya kafa ta daɗe tana wannan kira a Najeriya, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware musu 13 ga Yuni, a 2025 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa man kariya daga rana a jerin magungunan da suka zama dole. A wajensu wannan man magani ne, ba kwalliya ba. Idan akwai zabiya a ajinku ko gidanku, kada a tura shi talla ko aike da tsakar rana, kada malami ya sa shi kneel-down a fili, kuma duk gyambon da ya ƙi warkewa a jikinsa a garzaya asibiti.

Sai jarirai. Al'ada ce a wasu gidaje idan jariri ya yi shawara, idonsa ya yi ɗorawa, a ce a shanya shi a ranar safe. Rana kai tsaye tana iya ƙona jariri ta busar da ruwan jikinsa, kuma lokacin da ake ɓatawa ana shanya, shawarar tana iya hawa ta taɓa ƙwaƙwalwa. Jariri mai shawara na asibiti ne, a ranar da aka gani.

Ƙwayar ba alawa ba ce

Mu koma kan mai talla ta farko. Jiki ba ya haɗa bitamin D fiye da ƙima daga rana, yana da birkinsa. Ƙwaya kuwa ba ta da birki. Bitamin D yana taruwa a kitsen jiki, ba ya fita da fitsari kamar bitamin C, in ya yi yawa sai kalsiyam ya hau a jini, ya kawo amai, da yawan fitsari, da tsakuwar ƙoda, har da lalacewar ƙodar. Ma'aunin da masana a Amurka suka tsayar shi ne IU 600 a rana ga matashi da babba, 400 ga jariri, kuma kada babba ya wuce 4,000 sai da umarnin likita. Yanzu duba robar da ake tallatawa, za ka ga wata an rubuta 10,000, wata ma 50,000.

Batun cewa yana maganin komai kuma, an gwada. Wani babban bincike a Amurka mai suna VITAL ya bi mutum sama da 25,000 na tsawon shekaru kusan biyar, rabi suna shan IU 2,000 kullum. Da sakamako ya fito a 2018, bai rage kamuwa da kansa ko ciwon zuciya ba. Wanda ke da ƙarancinsa da gaske, ƙwayar tana yi masa amfani sosai, kuma akwai waɗanda likita kan rubuta wa: jarirai masu shan nono zalla, da masu ciki, da tsofaffin da ba sa fita, da masu ciwon ƙoda ko hanta, da masu shan wasu magungunan farfaɗiya. Gwajin jini ne ke nuna ƙarancin, ba bidiyon minti ɗaya ba. Gajiyar da kake ji tana iya zama ƙarancin jini, ko maleriya, ko kuma kawai rashin barcin da waya ta jawo.

To me ya rage mana?

Abin da ake buƙata bai kai kuɗin data na sati ba. Ka bar hantsi ya taɓa hannuwanka da ƙafafunka na ɗan lokaci a yawancin ranakun mako, ba sai fata ta yi zafi ba. Tafiya a ƙasa daga Gyallesu zuwa Kongo ta fi hawa Keke amfani ta wannan fuskar. 'Yar uwa, in gidanku da sauran fili, ki fito da wankinki ko tsintar shinkafarki waje, ki fito da ƙannenki su yi wasa. In ana shawarar gini a gidanku, ka sa baki a bar wa sama ƙofa, ko da taku biyar ne. Kuɗin lemon kwalba ɗaya zai sayi nonon da zai shiga kunun yaro. Yaron da ƙafarsa ke lanƙwashewa a kai shi Asibitin Gambo Sawaba ko na koyarwa da ke Shika tun ƙashin yana ɗanye, domin da wuri abinci da magani suna miƙar da shi, in an makara sai tiyata.

Wadda kuma ta riga ta fara shafa, kada ta yanke ƙauna, kada kuma ta watsar da man dare ɗaya in ta daɗe a kai, domin mai sitiroyid in aka tsayar da shi kwatsam fata takan yi bore. Ta je wajen likitan fata a janye ta a hankali, ta riƙa kare fuskarta daga rana kafin fatar ta dawo. Mu kuma da muke gefe, mu daina yi wa wadda launinta ya dawo dariyar "kin yi baƙi", domin wannan kalmar ce ke mayar da da yawa cikinsu ga kwalbar.

Waya in ta fashe ana canza mata gilashi a bakin PZ. Fata da ƙashi kuwa ba a sayar da sifiyarsu a ko'ina, waɗanda aka ba ka da su za ka tsufa.